Bindigar auna zafi a hannun ɗaliban injiniya: inda take da amfani da inda take ɓatar da mutum

Kusan kowa a Katsina ya san bindigar auna zafi tun shekarar 2020, lokacin da annobar Korona ta sa ake saita ta a goshin mutane a ƙofar bankuna da asibitoci. Wadda zan yi bayani a kanta 'yar uwarta ce ta masana'antu, wadda ake sayarwa da lambar GM320 a shagunan kayan lantarki da kasuwannin intanet, kuma ita ce ɗaliban injiniyan kanikanci suka fi rugawa su saya idan lokacin furojet ya gabato. Aikina shi ne kula da ɗakin gwaje-gwajen tafiyar zafi a wata babbar makaranta a nan jihar, don haka na daɗe ina ganin ta a hannun ɗalibai, ina kuma ganin lambobin da suke kwafowa daga gare ta su zuba a cikin rahoto. Da yake yanzu baya ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina an samu ta Tarayya a Daura, ga kuma Jami'ar Sufuri a can Dauran, masu buƙatar auna zafi don aikin makaranta sai ƙaruwa suke yi, kuma ya kamata su san abin da suke saye.

Na'urar ba ta da nauyi, tana cin ƙananan batura biyu, kuma da an danna kunamarta lamba take fitowa a ƙaramin allonta cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Takardar da ke cikin kwalinta ta nuna tana aunawa daga digiri 50 ƙasa da sifili zuwa wajen digiri 380 ko 400, gwargwadon bugun da mutum ya samu, kuma kuskurenta zai iya kai digiri 1.5 sama ko ƙasa, ko kashi 1.5 cikin ɗari na awon idan zafin ya haura digiri 100. Farashinta yana bin dala, amma har yanzu abu ne da ɗalibai biyu ko uku za su haɗa kuɗi su saya ba tare da sun takura ba. Ba a auna zazzaɓi da ita, domin ta goshi an gina ta ne a kan ɗan tsakanin zafin jikin mutum kawai, wannan kuwa kuskurenta ya fi ƙarfin aikin asibiti.

Ba za a fahimci kyawunta ko aibinta ba sai an san abin da take gani. Kowane abu yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda William Herschel ya gano a shekarar 1800, kuma yawan wannan haske yana hauhawa da sauri ƙwarai idan abin ya ƙara zafi, kamar yadda Josef Stefan ya nuna a 1879, Ludwig Boltzmann kuma ya tabbatar da lissafi a 1884. Bindigar tana tattara hasken nan ta idonta na gaba, ta lissafa digirin da ya dace da shi. Jan ɗigon da take haskawa ba ya auna komai, saiti kawai yake nunawa, ko da yake ɗalibai da yawa sun ɗauka cewa daidai wurin ɗigon ake aunawa. Sai dai ba kowane abu ne yake fitar da hasken daidai da zafinsa ba. Akwai lambar da ke nuna ƙarfin fitarwar kowace fuska, daga sifili zuwa ɗaya, kuma a wannan bindiga an kafe lambar a 0.95, babu maɓallin canza ta. Ma'anar haka ita ce, duk abin da aka saita ta a kansa tana ɗaukar sa a matsayin abu marar ƙyalli, mai fitar da kusan duk abin da zai iya fitarwa.

A kan abubuwan da suka dace da wannan zato, aikinta yana da kyau ƙwarai, kuma ina yaba mata. Yumɓu, bangon ƙasa, bulon siminti, katako, roba, fenti, gawayin da ya huce da saman ruwa, duk lambarsu tana wajen 0.9 ko sama da haka. Ɗalibin da ke kwatanta yadda bangon ginin ƙasa da na siminti suke ɗaukar zafin rana daga hantsi zuwa la'asar zai sami abin da yake nema, kuma zai iya auna wurare da yawa a bango ɗaya cikin ɗan lokaci, abin da zai ci masa wayoyin auna zafi masu yawa in da da su ya yi aikin. Haka ma masu aiki a kan randa cikin randa, dabarar sanyaya kayan lambu da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya karɓi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Jiƙaƙƙen yumɓu fuska ce da bindigar ke karantawa da kyau, kuma ɗalibi zai ga da idonsa yadda gefen da iska ke bugawa ya fi ɗayan sanyi, saboda a nan ne ruwa ya fi saurin ƙafewa yana tafiya da zafi. Wajen neman matsala kuwa ba ni da abin da ya fi ta sauƙi. Da ita ake gano inda abin da aka naɗe bututu da shi ya yi rauni zafi yana zurarewa, ko boris ɗin da ya fara ɗumi a jikin injin da ke juyawa, inda babu halin manna waya, ko haɗin wayar da ya saki a akwatin canjin wuta.

Matsalar tana farawa ne da an zo kan ƙarfe mai ƙyalli, kuma abin takaici shi ne yawancin kayan gwajin tafiyar zafi da irin wannan ƙarfen ake ƙera su. Gogaggen alminiyam da gogaggen jan ƙarfe lambarsu ba ta kai 0.1 ba. Ɗan abin da suke fitarwa kaɗan ne, sauran abin da bindigar ke gani hasken bango da rufi da jikin mai riƙe da ita ne, wanda ƙarfen ya maido kamar madubi. Duk mai son ya tabbatar ya ɗora sabuwar tukunyar alminiyam a wuta har ruwa ya tafasa, sannan ya saita bindigar a gefenta mai ƙyalli. Zai ga lamba wajen digiri 40 zuwa 50, alhali in ya taɓa wurin sai ya ƙone. Idan ya sauke tukunyar ya auna inda hayaƙi ya baƙanta, lambar za ta yi tsalle ta kusanci gaskiya. Tukunya ɗaya ce, ruwa ɗaya ne, amma amsa biyu masu nisa da juna, kuma babu wata alama a allon da za ta gargaɗi ɗalibi cewa ɗayar ba abin dogaro ba ce.

Abin ya fi muni a waje, a kan sabon kwanon rufi. Sararin samaniya idan babu gajimare kuma iska a bushe take, kamar yadda muke samu a nan yawancin watannin rani, bindigar tana karanta shi da sanyi sosai, sau da yawa ƙasa da sifili. Sabon kwano yana maido wannan sanyin cikin idonta, sai ta nuna cewa bai kai tsohon kwano mai tsatsa zafi ba da tazara mai yawa, wadda ta wuce ainihin bambancin da ke tsakaninsu. Na ga rahoton da aka gina sakamakonsa kacokan a kan irin wannan awo, aka zana jadawali mai kyau, aka ba magina shawara a ƙarshe. Wannan ne ya fi damuna game da na'urar, domin ɗalibin bai yi ha'inci ba, ya sha rana ya yi aikinsa da gaskiya, amma abin da ya rubuta ba zafin kwano ba ne.

Maganin bai da tsada. A manna baƙin salatif na masu wayarin a kan ƙarfen, ko a shafa baƙin fenti marar ƙyalli, a jira wurin ya ɗauki zafin ƙarfen, sannan a auna a kansa. Lambar salatif ɗin tana kusa da 0.95, wato daidai da abin da bindigar ke zato. Sai dai salatif ba ya jure zafi mai yawa, don haka a jikin murhu ko salansa fenti mai jure wuta ne ya dace.

Ko an yi wannan, akwai maganar nisa. An rubuta 12:1 a jikinta, ma'ana idan mutum ya tsaya santimita 120 daga abu, da'irar da take aunawa faɗinta santimita 10 ne. Bututun jan ƙarfe na rabin inci faɗinsa bai wuce santimita ɗaya da rabi ba, don haka wanda ya tsaya nesa da taku ɗaya yana auna bututun tare da bencin da ke bayansa, a haɗa a ba shi matsakaici. Dole a kusanto sosai, a kuma riƙe nisa ɗaya a duk awon. Gilashi ma yana tare hasken da take gani, don haka masu ƙera akwatin busar da tumatir da rana, wanda ake fatan ya fitar da kauɗa mai tsabta, idan suka auna ta saman gilashin, zafin gilashin suka samu, ba na tumatirin ba. Siririyar leda kuwa wani ɓangare take bari ya wuce, sai a sami lambar da ba ta leda ba ce, ba kuma ta abin da ke ƙarƙashinta ba. Iska kuma sam ba ta auna ta, alhali duk lissafin zafin da iska ke ɗauka daga jikin abu yana buƙatar zafin fuskar abin da zafin iskar da ke wucewa.

Sai kuma girman kuskure idan aka kwatanta da abin da ake nema. A gwajin bututu cikin bututu, inda ruwan zafi ke ba ruwan sanyi zafinsa, ana ninka yawan ruwan da ke wucewa da 4.18, wato kilojul ɗin da ke ɗaga kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya, sannan a ninka da bambancin zafi tsakanin mashiga da mafita. A ƙananan na'urorin da ɗalibai ke haɗawa, wannan bambanci yakan tsaya a 'yan digirori. Idan digiri 5 ne, kuma kowane awo zai iya kaucewa da 1.5, to a mafi munin hali digiri 3 cikin 5 ɗin nan shakku ne. Gaskiya ne cewa wani ɓangare na kuskuren yakan soke kansa tunda na'ura ɗaya ce ta yi awon biyu, amma babu malamin da zai karɓi wannan a matsayin hujja ranar kare furojet, kuma yana da gaskiya. A irin wannan aiki wayar auna zafi ce ta dace, wato tamokoful, wadda aka yi da ƙarfe iri biyu da aka haɗe bakinsu, bisa abin da Thomas Seebeck ya gano a 1821. Samfurinta mai suna K yana fitar da ɗan ƙaramin lantarki da ke ƙaruwa da zafi, wajen maikurobolt 41 (kashi 41 cikin miliyan na bolt ɗaya) a kowane digiri, ana iya cusa shi cikin ruwan kansa, kuma ana iya gwada shi a gida: a dakakkiyar ƙanƙara da ɗan ruwa ya kamata ya nuna sifili, a tafasasshen ruwa kuma wajen digiri 98, ba 100 ba, domin Katsina tana kan tudun da ya kai kimanin mita 500 sama da teku. Ɗalibai da dama sukan zo su ce mini, "Malam, wayar nan ta lalace, ta ƙi kaiwa ɗari," alhali ita ce ta faɗi daidai.

Yanayinmu ma yana da nasa tasiri a kanta. An ƙera ta ne ta yi aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 40 ba, kuma a watannin Afrilu da Mayu rana a Katsina da Daura takan kai haka har ta wuce. Idan aka fito da ita daga ɗaki mai sanyi zuwa tsakar rana, tana buƙatar kamar rabin awa kafin cikinta ya daidaita da waje, kuma duk abin da ta nuna kafin nan ba a rubuta shi. A lokacin hunturu ƙura tana kwanciya a idonta ta rage hasken da ke shiga, don haka a riƙa ajiye ta a jaka, a share idon da tattausan ƙyalle, kada a sa yatsa.

Wanda aikinsa ya shafi yumɓu, gini, katako ko abu mai fenti, ya saye ta da kwanciyar hankali, ya kuma rubuta a rahotonsa nisan da ya tsaya da irin fuskar da ya auna. Wanda zai yi aiki da bututun jan ƙarfe ko farantin alminiyam, ya fara kashe kuɗinsa a kan tamokoful, bindigar ta zo daga baya don duba inda zafi ke zurarewa. Idan kuma akwai ɗan ƙarin kuɗi, akwai samfuran da ake iya canza musu lambar fitarwa daga 0.1 zuwa 1.0, kuma su na fi ba ɗakin gwaje-gwaje shawarar ya mallaka. Kafin a biya, a roƙi mai shago ya fito da guda biyu, a sa musu batir, a saita su a wuri ɗaya a jikin bango daga nisa ɗaya. Idan suka saɓa da fiye da digiri 3, to aƙalla ɗaya daga cikinsu ta fita daga abin da takardarta ta yi alkawari, sai a nemi ta uku a kwatanta.