Saboda gwaggona na je a duba ni: abin da na tarar a wani kilinik na Damagaram

Shekaruna 32, 'ya'yana biyu, kuma lafiyata ƙalau ranar da na hau kabu-kabu daga Birni zuwa wani kilinik a Sabon Gari. Abin da ya kai ni shi ne gwaggona, ƙanwar babanmu, Allah ya jiƙanta. Sankarar mama ce ajalinta, bayan an sha jigila da ita zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Tun daga lokacin zuciyata ba ta kwanta ba.

Tarbar bakin ƙofa ba ta yi mini ba. Mai rubuta suna ta ɗaga murya gaban maza tana tambayar me ya kawo ni, alhali magana ce ta sirri. Na biya jikka biyar, na zauna a benci tun hantsi har kusan azahar. Wannan ya kamata su gyara.

Amma likitar ta wanke mini wannan ɓacin rai. Kafin ta taɓa ni ma, sai ta jawo farar takarda da bik, ta zana da'ira ta ce, "Wannan ke ce." Mata da'ira, maza ɗan akwati. Ta bi dangina ɗaya bayan ɗaya har kakanni: wa ke raye, wa ya rasu, me ya yi ajalinsa, yana da shekara nawa ciwon ya fara.

Na ce, "Likita, ai gwaggo ce, ɓangaren uba. Ta shafe ni?" Ta ajiye bik ɗin ta ce, "'Yar'uwa, rabin jininki na babanki ne." Ta yi mini bayanin ƙwayoyin gado biyu, BRCA1 da aka gano a 1994 da BRCA2 a 1995. Kowa yana da su, aikinsu gyara abin da ya lalace a ƙwayoyin jiki. Idan ɗaya ta samu tangarɗa a jikin uwa ko uba, kowane ɗa yana iya gadonta ko ya tsira, rabi da rabi ne. Namiji zai iya ɗauke da ita bai sani ba, ya miƙa wa 'yarsa. Ta kuma kwantar mini da hankali: cikin mata 100 masu wannan cuta, kamar 5 zuwa 10 ne kawai tasu ta gado ce.

Inda muka daɗe shi ne maganar shekaru, don mu nan wa yake riƙe shekarun dattawa? Ta ce in kira Inna a waya. Inna ta ce an yi wa Gwaggo aure tana 'yar sha biyar, shekarar da shugaban ƙasa Seyni Kunce ya rasu, kuma ta fara jin ƙullutun shekarar da aka hamɓarar da shugaba Tanja. Likita ta rubuta 1987 da 2010, lissafi ya ba da 38. Ta ce duk wadda ciwon ya kama kafin 50, danginta su farka, kuma akan fara sa musu ido shekara goma kafin shekarun da ya kama ta. Wato ni na wuce lokacin da shekara huɗu.

A wayar nan ce na fara jin cewa kakarmu, uwar baba, cikinta ne ya kumbura har ta rasu, aka ce sammu ne. Likita ba ta yanke hukunci ba. Ta sa alamar tambaya, ta ce sankarar ƙwan mace takan bi gida ɗaya da ta mama.

Sannan ta duba ni da hannu har hamata, aka yi mini eko, wato irin hoton cikin jiki da ake yi wa masu juna biyu, don maman mace mai ƙuruciya yana da tauri, hoton mamogirafi, wato hoton X-ray na mama, ba ya nuna komai sosai. Alhamdu lillahi, babu komai. Ta koya mini duba kaina 'yan kwanaki bayan al'ada ta ɗauke, ta ce in dawo bayan wata shida. Gwajin jinin gado ba sa yin sa a wurinsu, kuma ba ta ɓoye mini ba.

Wadda za ta je, ta fara zama da tsofaffin gidansu, na uwa da na uba, ta tambaye su a natse. Takardar tana cikin jakata. Ranar Juma'a zan kai ta unguwar Garin Malam wurin 'yar Gwaggo, mai shekara 26, don likita ta ce wadda ciwon ya kama uwarta haɗarinta yakan kusan ninka na sauran mata.