Tattaki, roba, keke ko ninƙaya: wanne ya dace da mai ciwon polimiyaljiya?

Ciwon polimiyaljiya rumatika, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PMR, ciwon manya ne. Sai mutum ya haura shekara 50 yake kama shi, yawanci ma sai ya kusa 70, kuma mu mata mun ninka maza a cikinsa. Ya fi yawa a arewacin Turai, irin su Norwe da Suwidin, shi ya sa a wajenmu ba a cika tunawa da shi da wuri ba, sai a yi ta shan maganin sanyi. Ki tashi da asuba kafaɗu biyu da wuya da kwatangwalo sun sandare, ba za su saki ba sai bayan minti 45 ko fiye. Ɗaura ɗankwali ya gagara, tashi daga tabarma sai an kama ki. Idan gwajin jini na ESR da CRP ya nuna kumburi, likita zai ɗora ki a kan firedinisolon, wani maganin sitiroyid mai kwantar da kumburi, yawanci miligiram 12.5 zuwa 25 a rana, cikin 'yan kwanaki ki ji jiki ya sake.

Maganin nan shekara ɗaya zuwa biyu ake yi ana rage shi a hankali, wasu ma su wuce haka. A tsawon lokacin yana zaizaye ƙashi, yana raunana naman cinya, yana iya tayar da suga da hawan jini, ga ƙiba. Saboda haka motsa jikin da za ki zaɓa aikinsa shi ne ya kare ƙashinki da cinyoyinki daga ɓarnar magani, shi kuwa kumburin magani ne ke kwantar da shi. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin gaɓoɓi na Turai da Amurka suka fitar a 2015 su ma sun ce a tsara wa kowane majinyaci motsa jikin da ya dace da shi, don tsoka ta tsaya kuma a rage faɗuwa.

Ni kuma da ma'auni ɗaya nake auna komai, wato yadda zan tashi gobe. Wannan ciwo ba ya nuna miki kin wuce gona da iri a lokacin da kike yi. Sai washegari. Wani matashi mai horarwa a wani gidan motsa jiki ya taɓa sa ni ɗaga ƙarfe sama da kai, yana cewa "Hajiya, ki daure, ciwon nan shi ne alamar jiki na karɓa." Bai tambaye ni wane magani nake sha ba. Kwanakin da suka biyo baya a zaune na yi sallah, ko buta ban iya ɗagawa ba. Tun daga nan duk abin da ba zan iya rage shi ko tsayar da shi a daidai lokacin da na ga dama ba, na cire shi daga lissafi.

Tattaki ne zaɓina, kuma har yau ban ga abin da ya kama ƙafarsa ba. Ƙashi yana ƙara ƙwari ne idan yana ɗaukar nauyin jiki, tafiya a ƙasa kuwa haka take yi wa ƙafa da kwatangwalo da gadon baya a kowane taku. Tana sauke suga, tana taimaka wa barci, wanda firedinisolon ke yawan hargitsawa. Ga shi ke ce da linzami a hannunki: ranar da jiki ya yi nauyi ki zagaya tsakar gida ki zauna, ranar da ya yi daɗi ki kai bakin titi. Ki fara da minti 5 ko 10 a ƙasa mai laushi wadda babu gargada. Idan kin tashi washegari ba ki fi jiya ciwo ba, ki riƙe wannan na kamar mako guda sannan ki ƙara minti biyu ko uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu minti 150 a mako, amma wannan inda za a je ne sannu a hankali, kar kowa ya tsorata ki da shi a watan farko.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Na san an saba cewa tattakin bayan asuba ya fi, to ga mai PMR wannan ne lokacin da jiki ya fi sandarewa. Ki karya, ki sha magani, ki yi wanka da ruwan ɗumi, ki bari sai hantsi ko bayan la'asar. Da hunturu ki rufe kafaɗu sosai. Kuma ki lissafa tafiyar dawowa tun kafin ki fita, domin rabin ƙarfinki na komawa gida ne.

Abin da tattaki ke buƙata na kuɗi takalmi ne kawai, a nan kuwa kar ki yi rowa. Silifas ba na wannan aiki ba ne. Idan kambas ɗin gwanjo za ki saya, ki kifa shi ki duba dunduniya: in ta cinye ta gefe ɗaya, tafiyar mai shi na farko za ta koya wa ƙafarki. Ki lanƙwasa shi da hannu, ya kamata ya lanƙwashe a wajen yatsu, in ya karye a tsakiya ki ajiye. Ki gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura.

Gaskiya tattaki ba ya yi wa kafaɗa komai, kuma bai isa ya gina cinya shi kaɗai ba. Nan ne roba mai miƙewa da kujera suke shigowa, sau biyu a mako. Kujera mai ƙwari a jingine da bango, ki zauna ki tashi sau biyar, da farko kina dafawa, daga baya babu dafawa. Ga kafaɗa, ki fuskanci bango ki riƙa hawa da yatsu a hankali har inda ciwo ya fara, ki tsaya a nan. Roba kuwa, ta kamfanin TheraBand rawaya ce mai laushi, sai ja, sai kore, ki fara da rawayar. Jabu sun cika kasuwa, kuma zafin rana yana kashe roba, don haka ki ja ta a gaban haske kafin ki biya. In kin ga ƙananan tsaga ko tana manne wa hannu, za ta tsinke ta mare ki a fuska.

Keken ɗaki yana da amfani ga wadda gwiwa ta hana tafiya, amma ba ya ɗora wa ƙashi nauyi, kuma kama sitiyarinsa yana gajiyar da kafaɗa. Ninƙaya ana yabonta ƙwarai, sai dai ruwan da ake jinya da shi mai ɗumi ne, wajen digiri 34, na otal kuwa sanyi ƙalau, ga rashin sirri ga mace, ƙashi kuma bai ƙaru da komai ba. Injin gudu yana son wuta, kuma in aka ɗauke ta kina kai, faɗuwa ce. Gidan motsa jiki na riga na faɗi nawa.

'Ya'yanmu masu son faranta mana, ku ake fi yi wa wayo, don haka ku saurara. Bel mai girgiza ciki, gadon tausa mai zafi, faifan da ake tsayawa a kai yana kaɗa jiki, duk ana tallarsu a Facebook da WhatsApp da bidiyon tsohuwa ta yar da sanda. Babu ɗayansu da ke kwantar da kumburin PMR. Ɗumi yana sa a ji daɗi na ɗan lokaci, wanda tawul da ruwan zafi ma za su ba ki. Masu tausa da ƙarfi da masu taka baya kuwa haɗari ne ga wadda ta daɗe a kan firedinisolon, domin ƙashin bayanta na iya murƙushewa. In mai gashin ƙashi kuke nema, ku je sashen fisiyo na asibiti, kamar na ƙashi da ke Dala ko na koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma duk wanda zai zo gida ku nemi ganin lasisinsa na MRTB, hukumar da ke kula da masu aikin fisiyo.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne garin magani da ruwan jarka na "sanyin ƙashi". An sha samun irinsu da aka dake ƙwayar deksa a ciki, wadda 'yar'uwar firedinisolon ce kuma ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Dole ki ji sauƙi, tun da ciwon nan sitiroyid yake ji. Sai dai kin ninka abin da likita ya auna miki ba ki sani ba, fuska ta kumbura, suga ya hau, ranar da jarkar ta ƙare kuma jiki ya zube. Lambar NAFDAC ma ana buga ta bogi a jikin roba. Haka ƙullin ƙwayoyi na masu talla, akwai diklofenak a ciki sau da yawa, haɗa shi da firedinisolon kuwa yana iya fasa gyambon ciki ya yi jini. Ko sifiro da ake saye a kemis da sunan taifot, ga tsohuwa mai shan sitiroyid yana iya tsinka jijiyar agara, wadda ita ce tattakin gaba ɗaya. Kuma duk wanda ya ce ki ajiye maganin asibiti rana ɗaya saboda nasa, ki guje shi, domin firedinisolon ba a yanke shi farat ɗaya.

Akwai ciwon da ba a kai wa mai tausa ko a shafa masa man zafi. Wasu daga cikin masu PMR, kamar ɗaya zuwa biyu cikin goma, kumburin yana kama jijiyoyin jinin kai. In kin ji sabon ciwon kai a gefen goshi, ko fatar kai tana zafi idan kina taje gashi, ko muƙamuƙi yana gajiya kina cikin tauna, ko gani ya dushe ko ya rabu biyu, ki ajiye tattaki da roba ki tafi asibiti a ranar, domin yana iya makantarwa cikin ƙanƙanin lokaci.