GARGAƊI: Miliyan 6 da dubu 450 ɗina sun tafi a hannun mai "gwanjon motocin Amurka"

Assalamu alaikum jama'a. Wallahi kwana uku ke nan ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya, amma yau bayan asuba na ce ko me za a faɗa a kaina a faɗa, don jiya na ji labarin har yanzu mutumin nan yana karɓar kuɗin mutane a Marwa da Kuseri. Miliyan 6 da dubu 450 na sefa. Ku sake karantawa, 6,450,000. Kuɗin da na tara da zufata a kasuwar Garwa, da na fili, da adashen matata, da bashin yayana.

Kafin wani ya ce min kwaɗayi ne ko rashin wayo, ku tsaya ku ji. Shekarata 22 a kasuwa ina sayar da shadda da atamfa, na yi Kano na yi Mubi na yi Duwala ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, ko a duhu ka miƙo min shadda zan faɗa maka ta gaske ce ko jabu. Ba a Facebook na tsinci mutumin nan ba. Maƙwabcina a kasuwa ne ya haɗa mu, kuma ƙanin maƙwabcin nawa ya sayi Corolla ta hannunsa, motar ta zo, na gan ta da idona, na shiga cikinta muka je ɗaurin aure Pitowa muka dawo. To don Allah wa zai ga haka ya ce ƙarya ne? Sai daga baya na gane waccan Corollar ita ce tsabar da ya watsa mana, mu kuma kajin muka taru.

Abin da ya ce min shi ne yana da ɗan uwa a Texas mai lasisin shiga gwanjon Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi hatsari, su a can kuɗin gyara ya fi ƙarfin motar sai su biya mai ita su kai ta gwanjo, mu kuma a nan bakanike zai tayar da ita da kuɗi kaɗan. Wannan ɓangaren gaskiya ne, gwanjon yana nan, mutane na saye kullum kuma ba ni da matsala da kamfanonin can, ko sunana ba su taɓa ji ba. Matsalata da wannan azzalumin ne da ya ɗauki sunan abu na gaske ya yi mana tarko da shi. Ya nuna min Toyota RAV4 2017 fara, bamba ta gaba da fitila ɗaya ne kawai suka fashe, ya ce Alhaji wannan ko sati ba za ta yi a gareji ba.

Daren nan ne ba ya barina barci. Ranar alhamis ce bayan magariba, ya ce sai da yamma ake gwanjon saboda lokacinmu da na Amurka ba ɗaya ba ne, ya zo gidana da kwamfuta a jaka, muka yi sallar isha'i tare a masallacin unguwa, matata ta kawo tuwo da miyar kuka muka ci a kwano ɗaya. A kwano ɗaya jama'a. Sannan ya buɗe kwamfutar a kan tabarma, ga hoton motar ga kuɗi yana hawa, wani ya ɗora wani ya ɗora, sai ya juyo ya ce "Alhaji in ƙara?" na ce ƙara. Ya sake cewa "Alhaji in ƙara?" na ce ƙara. Sau uku. A na ukun abin ya tsaya a dala 6,300, dalar Amurka nake nufi ba dalar kasuwa ta sefa biyar ba, sai ya yi kabbara ya riƙe hannuna ya ce "Alhaji mun ci, Allah ya sa alheri." Ni ma na yi hamdala, har na kira matata na ce ta zo ta ga motarmu.

Kuma akwai abu ɗaya da na gani a daren amma ban ɗauke shi komai ba. Ɗana ƙarami ya miƙa hannu zai taɓa kwamfutar, sai mutumin ya janye ta da sauri ya ce kar ya taɓa, in netiwok ya yanke mun rasa motar. Har na daka wa yaron tsawa. Na daka wa ɗana tsawa a kan ɓarawo. Ashe bidiyo ne. Bidiyon gwanjon da aka riga aka yi aka gama ne ya kunna min, ya san daidai inda kuɗin zai motsa, shi ya sa yake tambayata in ƙara a daidai lokacin. Ina zaune ina cewa ƙara, ƙara, ga bidiyo.

Washegari juma'a na ba shi miliyan 4 da dubu 200 a hannu, a cikin leda, a shagona, ya ce kuɗin mota ne da na gwanjo kuma in ba a biya cikin kwana biyu ba za a ci tara. Ya rubuta min resi da hannunsa ya buga hatimin wani kamfani da daga baya na je adireshin na tarar shagon sayar da katifa ne. Zan sa hoton resin, yana nan a wurina. Miliyan 4 da dubu 200 ɗin nan kuɗin filina ne na hanyar Pitowa da na ce zan gina wa yara, da dubu 600 na adashen matata da ta shekara tana zubi.

Sai kuɗin jirgin ruwa, miliyan 1 da dubu 350. Wannan ta Orange Money na tura, kashi-kashi, zuwa lambobi uku, kuma kowace lamba suna daban take fitowa. Na tambaye shi, kar ku ce ban tambaya ba, na ce ya sunan ba naka ba ne? Ya ce asusunsa ya cika ne, waɗannan yaransa ne na ofis. Duk wanda ke kasuwa ya san ana yin haka, ni kaina na sha karɓar kuɗi ta lambar yaron shagona. A'a tsaya, na tsallake wani abu, kafin kuɗin jirgin ne ya turo min bidiyon fara RAV4 ana ɗora ta a kan babbar mota, wani yana magana da Turanci a baya, ya ce ga ta nan za a kai ta tashar jirgin ruwa. Ba a nuna lambar shasi ba, ba a nuna gaban motar ba ma, gefe kawai. Wannan bidiyon ne ya sa na tura kuɗin jirgin ba tare da wani ɗar ba.

Ya ce sati shida zuwa takwas tana Duwala. Azumi ya zo ya wuce, ƙaramar sallah ta wuce. Yau jirgi ya tsaya a wata ƙasa, gobe cunkoso ne a tashar Duwala za a karkata da shi Kiribi, jibi ɗan uwansa na Texas ba shi da lafiya. Kullum da "Alhaji ka yi haƙuri, wallahi tallahi motarka tana kan ruwa." Ana saura kwana kaɗan babbar sallah ya kira ni da murna wai ta sauka, a kawo dubu 900 a fara aikin duwan, wato kwastam, kafin kuɗin ajiya ya taru. Ba ni da su. Na kira yayana a Ngaundere na ce Yaya ka rufa min asiri, ya ce ka tabbata da mutumin nan? Na ce Yaya na tabbata, mun ci tuwo tare. Haka na ce masa. Ya turo dubu 900, bana bai yi layya da sa ba kamar yadda ya saba, rago ɗaya ya yanka. Ku haɗa, miliyan 4 da dubu 200, miliyan 1 da dubu 350, dubu 900. Miliyan 6 da dubu 450.

Bayan sallah wayarsa ta fara shiga ba a ɗauka, sai saƙo jefi-jefi. Na ce ba zan zauna ba, na hau mota zuwa Ngaundere, na kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, na sake hawa mota zuwa Duwala, da takardar jirgin da ya turo min ta WhatsApp, konesma kamar yadda suke cewa. Wani taranzite, mai aikin fito da kaya daga tashar jirgin ruwa, ɗan arewa da aka haɗa ni da shi, dattijo mai mutunci, ya kalli takardar bai yi minti biyu ba ya ce Alhaji zauna tukuna. Ya ce lambar kwantena haruffa 4 ne da lambobi 7, taka lambobi 6 ne. Ya shiga shafin kamfanin jirgin ya buga lambar takardar, babu ita. Ya ce ina BESC ɗinka, takardar da ake yi wa kayan da za su shigo Kamaru ta ruwa? Ban ma taɓa jin sunanta ba. Ya ce kuma Amurka ba ta barin mota ta fita sai an kai wa duwan ɗinsu takardar mallakar motar aƙalla awa 72 kafin a loda, to ya taɓa nuna maka kwafinta? Bai taɓa ba. Wallahi a kujerar nan na ji ƙafafuna sun mutu, dattijon ya sa aka kawo min ruwa.

Amma tun kafin in tafi Duwala ma ɗan yayan nawa da ke karatu a jami'ar Ngaundere ya so ya yi min magana a kan motar, a daren da na kwana gidansu, nauyina ne ya hana shi, sai da na dawo ya ce Baffa ba ni resin nan in gani. Ya ƙirga lambar shasin, VIN, guda 17 daidai. Sai ya ce Baffa akwai harafin O a ciki, kuma lambar shasi ba ta ɗaukar I ko O ko Q ko kaɗan. Ya cire O ɗin ya sa sifiri, ya buga a Google. Sai ga motar. Fara RAV4 2017, hotunan nan dai da ya nuna min, har fashewar fitilar. An sayar da ita tun tuni a Florida, kuma abin da aka rubuta a matsayin lalacewarta ruwa ne, ambaliya, cikin motocin da guguwar Ian ta nutsar a watan Satumba 2022. Hotunan ciki da ke nuna laka a kan kujeru su ne bai taɓa nuna min ba. Wato ko da motar ta zo ma, motar da ruwan teku ya shiga wayoyinta da kwamfutar injinta ce, gishiri zai yi ta cin ta har ta mutu a hannuna. Minti biyar yaron ya yi ya gano wannan, a wayarsa, kyauta. Ni kuma lambar tana aljihuna wata bakwai. Amma wa ya taɓa faɗa min ana buga lambar shasi a intanet? Mu da muka saba sayen mota a ga ta, a buɗe bonet, bakanike ya saurari inji.

Maganar bidiyon kuwa a jandarmeri na gane. Na je kai ƙara sai na tarar da wani bawan Allah daga Marwa, mai sayar da albasa, shi ma a kan mutumin nan. Muna zaune a benci yana ba ni labari, ya ce ya zo gidansa da kwamfuta bayan magariba, fara RAV4, aka tsaya a dala 6,300. Na ce sau nawa ya tambaye ka in ƙara? Ya ce sau uku. Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba a gaban mutane. Mota ɗaya, wadda ma ba tasa ba, ya sayar mana mu biyu, kuma an ce akwai wata hajiya a Njamena ita ma ta biya.

Maƙwabcina da ya haɗa mu yanzu ba ya iya haɗa ido da ni, ni kuma ban riƙe shi ba don shi ma ganin Corollar ƙaninsa ne ya ruɗe shi. Matata ba ta ce min komai ba har yau, ko kalma ɗaya a kan dubu 600 ɗinta, kuma shirun nan ya fi min zagi ciwo. Yayana ya ce in biya a hankali. Shi kuwa macucin, wanda ya zauna a tabarmata ya ci tuwon gidana ya kira ni Alhaji ya rantse da Allah, ban yafe ba. Allah ya isa tsakanina da shi, duniya da lahira.

Ba zan sa sunansa da hotonsa yanzu ba saboda an ce min in bari a gama bincike kar ya tsere ya ƙetara iyaka, amma resi, saƙonnin Orange Money, takardar jirgin ta bogi, muryoyin da ya yi ta turo min, duk na ajiye, sikirinshot sun fi 80, zan fito da su ɗaya bayan ɗaya.

In za ka sayi irin motar nan, karɓi lambar shasi ka buga da kanka ka ga duk hotunan, ka riƙe kwamfutar da hannunka, kar ka tura kuɗi lambar da ba sunan mutum ba, kar ka biya duwan sai taranziten da kai ka nemo ya ga kwantenar. In an rubuta ambaliya, gudu.

Duk wanda aka zo wa da kwamfuta bayan magariba aka nuna masa fara RAV4 mai fasasshiyar fitila, a Garwa ko Marwa ko Kuseri ko Njamena, don Allah ya neme ni ya zo da resinsa. Ranar litinin za mu koma jandarmeri ni da mai albasan, kuma an ce mana in mun yi yawa maganar za ta fi saurin zuwa kotu.