Wane karatu ne ke kai mutum sama jannati? Abin da za a duba kafin zaɓen seri

Bayan sallar magariba muna zaune a tsakar gida a unguwar Ali Ɗan Sofo da ke Maradi, sai wani farin haske ya ratsa sama a natse, ba ya ƙyaftawa irin na jirgi. Ɗan ƙanwata, wanda ya ci BEPC bana, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, ya nuna da yatsa ya ce, "Kawu, wancan fa?" Na ce masa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ce, tana kewaya duniya a nisan kilomita kusan 400, kuma akwai mutane a ciki. Ya yi shiru, can ya ce, "To Kawu, wace seri ake yi a shiga can?" Tun da nake koyar da fizik ban ji tambayar da ta faranta mini rai kamar wannan ba, don haka na zauna na auna masa hanyoyin kamar yadda ake auna kaya kafin a biya.

Kafin takardar makaranta, fasfo ake fara dubawa, kuma ban ɓoye masa ba. NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, 'yan Amurka kaɗai take ɗauka, ta Turai kuwa, ESA, sai 'yan ƙasashen da ke cikinta. Nijar ba ta da shirin tura mutum sama. Ko waɗanda fasfonsu ya yarje musu, layin ba ƙarami ba ne: a zaɓen da ESA ta kammala a 2022 mutum fiye da 22,500 suka nema, aka ɗauki 17. Shi ya sa ma'aunina ɗaya ne. A zaɓi karatun da zai ci da mutum, ya amfani jama'arsa, ko da ƙafarsa ba ta taɓa barin ƙasa ba.

Hukumomin biyu suna neman digiri na biyu, wato masta, a kimiyya, lissafi, kwamfuta ko aikin injiniya, sannan shekara uku na aiki a fannin. A tsarinmu lisansi, wato digiri na farko, shekara uku ce, masta biyu, ke nan shekara takwas bayan bak, jarrabawar gama sakandare, kafin mutum ya isa miƙa takarda. Seri A, ɓangaren adabi, ba ta bi ta nan. Zaɓin tsakanin C da D yake, ɓangarorin kimiyya.

Na fi karkata ga aikin injiniya, ta seri C. Tashar nan inji ce babba mai buƙatar gyara kullum, kuma da yawa daga waɗanda suka je injiniyoyi ne. Thomas Pesquet na Faransa a Tuluz ya karanta injiniyancin jiragen sama kafin a zaɓe shi a 2009. Ana iya aza tubalin a nan gida, a tsangayar kimiyya da fasaha ta Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ko a EMIG, makarantar injiniyoyi da ke Yamai, daga baya a nemi tallafin karatu don masta a waje. Wahalar hanyar ita ce lissafi. Yaron da ya shiga C don burge abokai, tun a aji na farko yake gane kurensa. Amma wanda ya jure, ko bai tashi ba yana iya taɓa sama daga ƙasa, kamar Cheick Modibo Diarra na Mali, wanda ya yi aiki da NASA kan na'urar Pathfinder da ta sauka a duniyar Mas a 1997.

Likitanci, wanda aka fi shiga ta seri D, ya fi tsawo, amma ba a yin asara a cikinsa. NASA tana karɓar digirin likita a madadin masta. Mae Jemison ta yi aikin likita a Saliyo da Laberiya kafin ta tashi a 1992. Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya, likitan ƙashi, ya je tashar a 2007 cikin watan azumi. Kuma duk wanda ya taɓa kwana da majinyaci a asibiti a lokacin damina, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro ke cika gadajen yara, ya san darajar likita ɗaya a jihar nan. Ga 'yan mata ma ina nuna Rayyanah Barnawi ta Saudiyya, mai binciken ƙwayoyin halitta, da ta tashi a 2023.

Kimiyya zalla, kamar fizik ko ilimin duwatsu, tana kaiwa, sai dai galibi mutum zai zarce har dakta. A gida aikinta koyarwa ne da bincike, irin na cibiyar AGRHYMET a Yamai, inda ake karanta hotunan tauraron ɗan'adam don bin sawun ruwan sama da kiwo.

Tuƙin jirgi shi yara suka fi hange, shi kuma na fi jan kunne a kansa. NASA tana son awa 1,000 mutum yana shugaban tuƙi, yawancinsu a jirgi mai tsananin gudu, kuma wannan yana maye gurbin shekarun aiki ne kawai. Kuɗin koyon tuƙi a waje ya fi ƙarfin yawancin gidajenmu, sannan ciwon ido ko hawan jini na iya tsayar da komai rana ɗaya. In za a yi, a yi shi bayan digiri, kamar yadda Pesquet ya yi.

Kowace hanya aka bi, Turancin Ingilishi wajibi ne, a tashar kuma ana aiki da Rashanci. Ɗan ƙanwata ya rubuta C a takardar zaɓi. Mun shirya da mahaifiyarsa cewa hutun nan zai riƙa zuwa wurina kowace safiya mu yi lissafi awa biyu, da yamma kuma wani ɗan uwanmu da ya yi karatu a Katsina zai fara masa Ingilishi.