Shekara ɗaya ina zuba wa babur ɗina baƙin mai 10W-40 mai alamar JASO MA2

Babur ɗina 150cc ne, mai giya biyar, irin wanda iska ce kawai ke sanyaya injinsa, kuma shi nake hawa kullum zuwa wurin aiki. Shekara ɗaya ke nan da na koma zuba masa baƙin mai 10W-40 na babur, wanda aka gauraya man ƙasa da na haɗin masana'anta, mai ɗauke da alamar JASO MA2, wato ma'aunin man babur na Japan, a bayan robar. Sau huɗu na yi juye da shi, tafiyar ta kusa kilomita 10,000, don haka ina ganin na isa in faɗi abin da na gani.

Abin da ya kai ni ga wannan man ɓarna ce da na yi da hannuna. Yayana ya yi wa motarsa juye, sai ragowar man 5W-30 ya saura a galan, ni kuma na ce mai mai ne, na juye wa babur. Mako biyu ba a yi ba sai na lura in na murɗa totur a giya ta huɗu, musamman a hawa, inji sai ya yi ta kuka amma gudun ba ya ƙaruwa. Na ɗaure wayar kuloci, na sassauta, duk a banza. Da na kai wa makanike, tambayar farko da ya yi ita ce, "Malam, wane mai ka zuba masa?" Da na gaya masa sai ya kwance murfin, ya ciro faifayen kuloci ya miƙo mini. Sun yi sumul suna ƙyalli kamar an goge su, na ƙarfen kuma sun fara shuɗi saboda zafi. Dole aka canza su duka.

A nan na fahimci abin da da yawanmu ba mu sani ba. A mota, man inji daban, man giya daban. A yawancin babura masu giya kuwa, mai ɗaya ne ke hidimar inji da giya da kuloci, kuma faifayen kulocin a cikin man suke tsundum. Man mota na zamani ana ƙara masa sinadaran ƙara santsi don rage shan fetur. Santsin nan alheri ne ga fistin, amma kuloci kamu yake bukata. Wannan matsalar ce ta sa masana'antar motoci ta Japan ta fito da ma'aunin JASO T 903 a 1998. MA na baburan da kulocinsu ke cikin mai ne, MB kuma na irin sukuta masu bel, waɗanda kulocinsu a bushe yake. A 2006 aka ƙara raba MA gida biyu, MA1 da MA2, kuma MA2 ne ya fi kamu. Tun daga ranar da aka canza mini faifayen kulocin nan, ba na duba kyan roba ko girman suna sai na juya baya na ga waɗannan haruffan.

To ya man ya yi? Abin da na fara ji a ƙafata ne. Giya ta koma shiga da ɗan "ƙas" mai taushi, kuma samun firi a tsaye, wanda da sai na yi ta lalube, ya zama da sauƙi. Da safe inji na tashi ba tare da ƙarar bawul ɗin nan ta 'yan daƙiƙun farko ba. Wannan aikin lambar 10W ne, domin lambar da ke gaban W tana nuna yadda mai ke gudana cikin sanyi, kuma duk yadda ta yi ƙasa, haka mai ke saurin hawa saman inji. Lambar 40 kuma kaurinsa ne in ya yi zafi, ana auna shi a digiri 100. A cunkoso, inda babu iskar da za ta bugi inji, na kan ji zafi a ƙwauri kamar kullum, amma kuloci bai taɓa sulɓe mini ba ko sau ɗaya a shekarar nan. Wannan kaɗai ya isa in ce na gamsu.

Inda nake so in tsaya sosai shi ne maganar lokacin juye, don a nan mutane ke yaudarar kansu. Wasu na ganin tunda sun sayi mai mai kyau, za su iya mantawa da shi. Injina bai fi lita ɗaya yake ɗauka ba. Lita ɗayan nan ita ke sanyaya fistin, ita ke kwashe dattin kuloci, ita kuma haƙoran giya ke niƙawa dare da rana. Niƙar nan tana yayyanka sinadaran da ke riƙe wa mai kaurinsa, sai ya tsinke a hankali. Ga shi babur ɗina ba shi da matatar takarda irin ta mota, sai ɗan rariyar ƙarfe a ƙasa da wata matata mai juyawa a ciki. A juyen farko na bari ya haura kilomita 3,000 don in ga iyakarsa. Tun wajen 2,700 giya ta fara tauri, ta biyu zuwa ta uku tana ɗan ƙi, kuma da na kwance notin ƙasa, man ya zubo ruwa-ruwa yana warin fetur. Daga nan na tsayar wa kaina 2,500, ko wata huɗu, duk wanda ya riga zuwa. Wannan lissafin nawa ne, na mai gajeriyar tafiya da yawan tsayawa a ƙura. Littafin da ya zo da babur shi ne asali, kuma yawancin littattafan suna cewa a gajarta lokacin in ana tafiya cikin ƙura ko ana yawan gajerun tafiye-tafiye. Dalili kuwa, in inji bai daɗe da zafi ba, damshi da ɗan fetur ɗin da ke sauka cikin mai ba sa samun ƙonewa.

Baƙin launi kaɗai ba ya tsorata ni. Mai da ya yi baƙi yana nufin ya kwashe datti ya riƙe. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne in ga ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, alamar ruwa ya shiga, ko in ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe a cikin kwanon juye in na ɗaga shi a rana.

Abu ɗaya da ban ji daɗinsa ba: man yana ɗan raguwa. Tsakanin juye da juye sai na ƙara kamar rabin ƙaramin kofi. Saboda haka duk mako nake dubawa, babur a miƙe a kan ƙafarsa ta tsakiya, inji ya huce na 'yan mintuna, in goge sandar awo, in saka ba tare da na murɗa ta ba, kamar yadda littafina ya ce. Wanda injinsa ya tsufa, ringi ya saki har salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, zai fi ganin raguwar nan, kuma in littafinsa ya yarda da 20W-50, ina ganin shi zai fi masa. Mai sukuta kuma ya nemi MB.

Juyen da kaina nake yi yanzu. Ina ɗumama inji minti uku don man ya saki jiki, in wanke rariyar da kananzir, in sa sabuwar washa a noti, in ɗaure daidai ba da ƙarfi ba, domin zaren aluminiyam ba ya jure wuya. Tsohon man kuma ina juye shi a robar da ta ƙare in kai wurin masu karɓarsa, ba na zubarwa a ƙasa ko a kwata. Sai in rubuta lambar mita da kwanan wata a ɗan tef in manna a ƙarƙashin kujera. Wanda ke manne yanzu ya nuna saura kilomita 400, kuma robar gaba, irin wannan dai, tana nan a ajiye.