Lambar yaƙin Ashanti ta 1873-74 mai sunan hafsan sojan ruwa: abin dubawa kafin a saya

Cikin lambobin yaƙi na zamanin Sarauniya Biktoriya da ake kawowa gwanjo a Landan, ta yaƙin Ashanti tana cikin mafi kyawun aiki. Azurfa ce, faɗinta milimita 36. A fuska akwai kan sarauniya da lulluɓi, aikin Leonard Wyon, a baya kuma zanen Edward Poynter na sojan Ingila da mayaƙan Ashanti suna gwabzawa cikin kurmi. Ƙyallen ratayawar ruwan ɗorawa ne, da baƙi a gefe biyu da siraran layuka baƙaƙe biyu a tsakiya. An amince da ita a 1874, bayan Janar Wolseley na sojan Ingila ya shiga Kumasi, babban birnin Ashanti a ƙasar Gana ta yau, ranar 4 ga Fabrairu ya ƙone garin.

Kyau dai akwai shi, amma ba shi ake saye ba. Kuɗin yana kan sunan da aka sassaƙa a kewayen bakin lambar. Ta sojan ruwa tana ɗauke da suna, da muƙami, da jirgin da mutum ya yi aiki, da shekarun yaƙin. Ta hafsa ta fi ta ƙaramin matuƙi tsada nesa ba kusa ba, don haka ita 'yan damfara suka fi taɓawa: a goge sunan asali da zarto, a sassaƙa na wani laftanar. Gano wannan ba wuya. A auna faɗin lambar ta tsaye da ta kwance. In aka kankare suna, wajen ƙasa zai ragu, kauri ma ba zai zo daidai ba. Da gilashin ƙara girma ana ganin sawun zarto tsakanin haruffa, wani lokaci har inuwar tsohon rubutu.

Sai ɗan ƙarfen da ke saman lambar mai rubutun Coomassie, wato Kumasi a tsohon rubutun Turawa. Ba kowa aka ba shi ba, sai waɗanda suka shiga faɗan Amoaful na 31 ga Janairu 1874 da abin da ya biyo baya har zuwa Kumasi, da waɗanda suka tsare hanyar runduna a arewacin kogin Pra a kwanakin. Yawancin sojan ruwa suna cikin jiragensu a bakin teku, lambarsu ba ta da shi. Rundunar da ta sauka ƙasa ƙarƙashin Kwamanda William Hewett na jirgin Active ita ce ta samu. Saboda yana ɗaga farashi, wasu kan ɗauko shi daga wata lambar su ɗora. Ƙusoshin da suka riƙe shi su ne shaida: in sun yi sabunta ko an daddake su, a ja baya.

Duk wannan duba da ido ne. Hukunci yana gidan adana takardu na ƙasar Ingila da ke Kew. Jerin waɗanda aka ba lambobin sojan ruwa yana cikin kundin takardu mai lamba ADM 171, jirgi bayan jirgi, kuma yana nuna wanda ya cancanci ƙarfen Coomassie. Tarihin aikin hafsa yana cikin ADM 196, ana nema da suna ta intanet: jiragen da ya yi, ranakun ƙarin girma, ranar ritaya. In lambar ta ce laftanar, takarda kuma ta nuna bai kai wannan muƙami ba sai bayan yaƙin, magana ta ƙare. Rubutun hannu ne na magatakardan ƙarni na 19, yana son haƙuri.

Irin mutanen da ake tararwa a takardun nan su ke sa aikin daɗi. Kyaftin John Hawley Glover, alal misali, hafsan sojan ruwa ne da ya bi mai binciken ƙasa William Baikie hawan kogin Kwara a 1857, jirginsu ya fashe kusa da Jebba, daga baya ya riƙe mulkin Legas ya kafa rundunar Hausawa, wadda ya kai wannan yaƙi ta ɓangaren kogin Bolta.

Kada a rikita ta da lambar Gabas da Yammacin Afirka da ta zo daga baya. Zane ɗaya ne, ƙyalle ɗaya, sai dai ita tana da ƙarafa irin su Benin 1897. Tauraron Ashanti na 1896 kuwa tagulla ne, daban yake.

Lambar Ashanti da ta yi duhu da tsufa ta fi wadda aka goge tana sheƙi, don gugar tana cinye kumatun sarauniya da fuskokin mayaƙa. In hafsan ya yi yaƙin Masar na 1882, za a ga ƙananan ramuka a azurfar inda tsinin tauraron Khedive, lambar da mai mulkin Masar ya bayar, ya riƙa bugunta; wannan yana rage farashi kaɗan, amma yana nuna an saka ta a ƙirji. Wajen lissafi kuma a tuna ladan gidan gwanjo, wanda kan kai kashi 20 cikin ɗari ko fiye a kan farashin da aka buga, ban da haraji.