Shatar Jirgin Ruwa Daga Ikoyi Zuwa Tarkwa Bay: Abin da Na Gani

Babu hanyar mota zuwa Tarkwa Bay, don haka duk mai son ganin wannan gaɓar teku ta Legas dole ne ya bi ta ruwa. A watan Disamba, da ƙanwata da 'ya'yanta suka zo mana hutu daga Zariya, na yi shatar jirgi daga wata mashiga mai zaman kanta a Ikoyi, mu tara har da mahaifiyarmu, kuma abin da na gani ya isa in ba da shawara ga wanda zai kai iyalinsa.

Mafi araha su ne ƙananan jiragen nan marasa rumfa masu inji a baya, waɗanda ake kira banana. Tsarinsu irin na motar tasha ne: kowa ya biya kuɗin kujerarsa, a jira sai jirgi ya cika. Ga matashi shi kaɗai babu laifi, amma ban ga yadda zan sa dattijuwa da ƙananan yara a cikinsu ba. Akwai kuma manyan jiragen alfarma da ake haya zuwa Ilashe, wata gaɓar shaƙatawa ta Legas, da na ƙungiyoyi irin su Lagos Yacht Club da aka kafa a 1932, sai dai waɗannan na masu hali ne da 'yan ƙungiya. Mu tsakiya muka bi, wato jirgi mai rumfa da kujeru, da matuƙi da yaronsa, a hannunmu daga safe zuwa la'asar.

Ciniki shi ne wurin da baƙo yake fi cutuwa. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin shata ya tashi, wannan gaskiya ne, domin injin jirgi yana shan mai ƙwarai; amma 'yan kamasho da ke tare mutum a bakin mashiga suna ɗora nasu a kai. Na wuce su na nemi mai jirgin da kansa, muka yi magana a kan abu uku kafin in ba da kafin alƙalami: cewa kuɗin na zuwa da dawowa ne, cewa mai yana ciki, da kuma lokacin da jirgi zai kasance a gaɓa domin komawa. Rabi na biya, na riƙe rabi sai mun sauka, kuma ina ganin hakan ya taimaka daga baya.

Batun rigar kariya ne ya fi damuna. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Jihar Legas, LASWA, wadda aka kafa a 2008, ta wajabta wa kowane fasinja sanya ta, kuma mai jirginmu bai yi gardama ba, ya raba wa manya riguna masu kyau da maɗauri lafiyayye. Na yara ne babu. Ya miƙo wa yarinya 'yar shekara biyar rigar babba, wadda da ta faɗa ruwa za ta zame mata ta ka, sai da na ce ba za mu tashi ba sannan ya aika aka aro ƙanana guda biyu. Wannan aibi ne babba ga mai sana'ar ɗaukar iyali, kuma ina roƙon iyaye su tambaya tun a waya.

Tafiyar kanta, wadda ba ta wuce minti 20 ba, ta biya kuɗinta. Mun bi ta Five Cowrie Creek, ruwan da ke tsakanin Ikoyi da Victoria Island, muka fita babbar hanyar da jiragen dakon kaya suke bi zuwa tashoshin Apapa da Tin Can, inda yaran suka yi tsit suna kallon jirgin da ya fi gidan bene tsawo. A nan ƙwarewar matuƙi ta bayyana, domin duk lokacin da igiyar ruwan babban jirgi ta taso sai ya rage gudu ya fuskance ta da goshin jirgi, maimakon ya bari ta buge mu a gefe. Ta hagu ana hango gine-ginen Eko Atlantic, sabuwar unguwar da aka cike teku aka gina, gaba kuma ga dogayen shingayen dutse da Turawan mulkin mallaka suka gina a bakin tashar da duwatsun da aka kwaso daga Abeokuta a jirgin ƙasa. Shingen yamma shi ne yake karya ƙarfin teku, shi ya sa ruwan Tarkwa Bay yake kwance har yara su iya wasa a bakinsa. Wurin yana da nasa tabon, don a watan Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi mazauna yankin daga gidajensu, abin da matuƙinmu ya ambata da ɓacin rai.

Jirginmu a kan yashi ya tsaya, sai mutum ya tattare zani ya taka ruwa, kuma yaron jirgi ya riƙe hannun Hajiya cikin ladabi har ta sauka. A tafi da tabarmar salla. Ruwan teku ya isa alwala.

Wajen komawa aka saɓa alkawari. Mun ajiye ƙarfe huɗu, jirgi bai zo ba sai kusan biyar, saboda matuƙin ya tafi ɗaukar wasu fasinjoji a tsakani ba tare da ya sanar da mu ba. A lokacin hunturu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin hazo yana rufe ruwa da wuri, hukumomi sun hana zirga-zirgar dare, ga kuma kainuwa da shara da kan naɗe farfelar inji, kamar yadda ta faru da mu sau ɗaya kusa da gadar Falomo. Zan sake yin shata da wannan matuƙi saboda hannunsa, amma da sharaɗin jirgi ya zauna a gaɓa yana jiranmu ko da zan ƙara kuɗi, kuma rigunan yara sai na gan su da idona kafin kowa ya taka jirgi.